Man Goge Tamoji da Fatar Mai Shekaru: Jawabi ga Jama'ar Sabon Birni da Isa



Maganarmu ta yau a kan mayukan da ake tallatawa ce, waɗanda ake cewa suna goge tamoji su mayar da tsohuwa yarinya. Kuna ganinsu ranar kasuwa a Sabon Birni da Isa da Shinkafi, wasu a kwali, wasu haɗi ne a 'yar roba, ba suna ba kwanan wata. Iyayena, babu man da ke mayar da shekaru baya, kuma da yawa cikin waɗannan tsofar da fata suke yi tun lokaci bai yi ba.

Me ke kawo tamoji? A ƙarƙashin fata akwai wasu zaruruwa da ke riƙe ta, su sa ta tsaya da kyau. In shekaru suka ja, jiki na rage yin su, maiƙon fata kuma ya ja baya, musamman ga mace bayan ta daina al'ada. Wannan hukuncin Allah ne. Amma akwai masu gaggauta shi: ranar bazara da zafinta kan wuce digiri 40 a ƙasar Gobir, iskar hunturu, hayaƙin itace a madafa, da taba sigari. Ku duba wuyan manomi da bayan hannunsa, sannan ku duba inda riga ke rufewa. Shekarunsu ɗaya, amma rana ta bambanta su.

Mai talla zai ce miki cikin mako biyu za ki ga canji, kuma za ki gani. Sirrin shi ne da yawa cikin irin wannan haɗi man bilicin ne aka sake wa suna. Wani yana da sinadarin makuri, wanda ke ratsa fata ya lalata ƙoda, ya kai ga ɗan da ke ciki ko mai shan nono. Wani yana da haidurokwinon, wanda in aka daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Wani kuma maganin ƙaiƙayi ne mai ƙarfi, irin su Clobetasol da Betamethasone, da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki. In aka mayar da shi man kullum, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa, har ya iya tayar da hawan jini da ciwon suga.

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa mata 77 cikin 100 a Najeriya na amfani da man ƙara haske, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Akwai magani da likitocin fata suka tabbatar yana rage ƙananan tamoji, sunansa Tretinoin, amma sai an yi watanni, yana sa fata ta kasa jure rana, kuma mai ciki ba ta taɓa shi. Wannan aikin likita ne.

To me fatar mai shekaru ke so? Mu mutanen jar akuya ne, mun san aikin majema: fatar da aka ba mai takan yi laushi ta daɗe, wadda aka bari a rana sai ta tsage. Man kaɗe da kakanninmu suka shafa yana nan, basilin ma yana nan, kuma ba su da tsada. A shafa da an fito wanka, jiki na da sauran danshi. Da hunturu a yi wanka da ruwa mai ɗumi, kada ya yi zafi sosai, a bar sabulun wanki ga tufafi, a rage dirza da soso. Mai zuwa gona ko fadama ya sa malafa. A sha ruwa, a ci zogale da wake da gyaɗa da kifi in ya samu.

Maza, ku ma da ku nake. Ku ne ke ba da kuɗin kayan shafa, kuma sau da yawa gorin da miji ke yi ne ke tura mace wurin mai haɗi. In za a saya, a sa ɗan makaranta ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Abin da ba shi da suna, a bar wa mai shi.

Masu jinyar tsofaffi kuma, ku riƙa duba ƙafafunsu. Faso ko gyambon da ya ƙi warkewa, musamman ga mai ciwon suga, da tabon da ke girma ko yake jini, musamman ga zabiya, a kai babban asibitin Isa ko na Sabon Birni. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Wadda ta daɗe tana shafa haɗi, ta je da robar wurin ma'aikacin lafiya ya nuna mata yadda za ta daina, domin yankewa lokaci ɗaya kan sa fata ta yi bore.

Wanda ya ji, ya kai wa wanda bai zo ba. Allah ya ba mu tsufa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mai tambaya, bismillah.