JINKIRIN SA HANNU, TALAKA KE BIYA
Jawabi ga jama'ar Kamarawa da kewaye

Iyayena dattawa, iyayenmu mata, matasan Kamarawa, Isa da Sabon Birni, ku ba ni aron kunnuwanku. Yau maganar wutar lantarki zan yi, da abin da ke sa ta tsada tun kafin ta iso gari.

A ƙasar Kenya akwai wani wuri, Olkaria. Can ana haƙa rijiya mai zurfin gaske, tururi mai zafi ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya juya inji, wuta ta samu. Tun 1981 suka fara, yau fiye da kashi ɗaya cikin uku na wutarsu daga tururin nan yake. Ba a sayen mai, ba a sayen gas. To ina tsadar take? Tana wajen bashin da aka ci aka yi haƙa. Haka wutar hasken rana take: rana kyauta ce, amma kayan aikin da bashi ake sayensu.

Ku lissafa da ni. Ka ranci Naira 100, kuɗin ruwa 20 a shekara. Takardar izininka ta kwana shekara 2 a kan tebur. Bashi ya zama Naira 144, ko ƙwai ɗaya ba ka kunna ba. Wannan 44 ɗin wa zai biya? Mai kamfani? Ina! Cikin kuɗin wuta zai zuba ta, mai injin niƙa da mai walda su biya.

Ba tatsuniya nake muku ba. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 su samar da megawat 1,125 daga hasken rana, yawanci a Arewa. Sai aka tsaya jayayya kan farashi da takardar lamuni, shekara ta bi shekara, aikin bai tashi ba. Lokacin nan dala tana wajen Naira 300. A 2024 ta haura 1,500. Faifan sola kuwa da dala ake sayensa. Kun ga abin da jinkiri ya ja mana?

Mu da ke bakin iyaka mun fi kowa sanin kuɗin duhu. Allurar rigakafi sai da sanyi. Ɗalibi sai da fitila. Ɓarawon daji kuwa duhu yake so.

Amma jama'a, dama ta samu. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba kowace jiha ikon tsara harkar wutarta da ba da izini da kanta. Yanzu uzurin "sai Abuja ta sa hannu" ya ragu. Saboda haka ga alkawarin jam'iyyarmu:

Na ɗaya, ofis guda, ƙofa guda, ga duk mai son kafa tashar sola a ƙauye.

Na biyu, amsa cikin kwana 90, i ko a'a, tare da dalili a rubuce.

Na uku, kowace takarda a liƙa ranar shigarta a allon sakatariyar ƙaramar hukuma, kowa ya gani.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, har da namu, ku tambaye shi: kwana nawa takarda za ta yi a hannunka? In ya kama kame-kame, kun san amsa. Ku adana katinku, ranar zaɓe ku fito da sassafe, maza da mata.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya ba mu nasara. Wassalam.