Daɓen Tsakar Gida da Falalen Siminti

Jawabi ga 'yan ajin yaƙi da jahilci na Narayi, Ƙaramar Hukumar Chikun, Jihar Kaduna.



Kowa ya san yadda damina take a Kaduna. Ruwa kan fara a watan Afrilu ko Mayu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba. A Narayi ƙasa ja ce. Da ta sha ruwa sai tsakar gida ta zama taɓo. Yara su zame, tsofaffi su faɗi. Ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya shigo gida. In kuma ruwan ya daɗe a gindin bango, sai ya cinye shi.

Iyayenmu mata sun san daɓe tun da can, da tsakuwa da madaɓi da ruwan makuba. Yanzu wasu sun koma shimfiɗa falalen siminti, wanda magina ke kira silab. Aiki ne mai kyau, amma yana da ƙa'ida.

Na farko, nauyi. Silab mai faɗin ƙafa 2 da tsawon ƙafa 2, kaurinsa inci 2, nauyinsa ya kai kusan kilo 45. Buhun siminti kilo 50 ne. Ke nan kowane guda ya kusa buhu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum biyu su kama. Mai ɗauka ya durƙusa, ya miƙe da ƙarfin ƙafafunsa, kada ya sunkuya ya finciko da baya. Magidancin da bayansa ya ƙage, wa zai yi masa noma? In wurin da nisa, a sa a baro. A sa takalmi mai rufi, a kori yara daga wurin.

Na biyu, ƙasa. A haƙe ta kamar inci 6. A cire saiwoyi da ƙasa mai laushi. A zuba tsakuwa ko marmara inci 3, a yayyafa ruwa, a daddaɓe sosai. Wanda ya ƙi wannan wahala, damina ɗaya za ta tona masa asiri. Ƙasa ta lotsa, silab ya tsage, kuɗi ya tafi a banza.

Na uku, gangare. Kada a yi daɓen a miƙe sak. A kafa turaku, a ja igiya. A kowace ƙafa 5 a sauko da inci 1, daga ɗaki zuwa rariya. Wanda ya karkata shi wajen ɗaki ya kira ruwa da kansa. Kada kuma a tura wa maƙwabci ruwa, don kada gyara ya jawo shari'a.

Na huɗu, kwaɓi. Kwanon siminti 1, kwanon yashi 4. A shimfiɗa shi ya cika ƙarƙashin silab ɗin duka, kamar inci 1 da rabi. Ɗigo a kusurwa huɗu ba ya isa, domin tsakiya za ta zauna a kan iska. A ajiye silab a hankali, a ɗora katako a kai, a bubbuga har ya yi daidai da igiya. A bar tsakani kamar kaurin ɗan yatsa, daga baya a cike da kwaɓi. Ɗanyen siminti yana cin fata, saboda haka a sa safar hannu, a wanke hannu da an gama.

Mai son buga silab da kansa ya haɗa siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Ya riƙa shayar da shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28.

Bayan an shimfiɗa, kada a taka sai an kwana 2. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne rani, kafin ruwan fari.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba da sa'a, amin.