Gwamna Birebiye, wanda ya ɗauke babban birni daga Damagaram

 

Yau za mu ɗauki Nasara guda ɗaya mu bi sawunsa tun daga fari har ƙarshe. Sunansa Jules Brévié, mu dai bakinmu ya fi sauƙin cewa Birebiye. Shi ne gwamnan Nijar na farko bayan da Faransa ta karɓe ƙasarmu daga hannun sojanta ta danƙa wa farar hula.

An haife shi a 1880 a wani ɗan gari cikin duwatsun kudancin Faransa. Ya yi karatu a Paris, a makarantar da ake horon samari don su zo su mallaki ƙasashen mutane. Daga nan aka turo shi Sudan ta Faransa, wadda ake ce wa Mali yanzu, yana da shekara ashirin da 'yan kai. To, ku duba irin ikon da ake miƙa wa yaro kamar wannan. A ƙarƙashin dokar andijena, kumandan yana iya kulle dattijo kwana 15, ya ci shi tarar faram 100, ba alƙali, ba shaidu, ba ɗaukaka ƙara. Rashin biyan lanho laifi ne. Ƙin fita aikin dole laifi ne. Ko kumandan ya ga kamar an raina shi, wannan ma laifi ne.

Kada wani ya ce muku Birebiye jahili ne, ko ɗan giya irin waɗansu da iyayenmu suka ba mu labarinsu. Mutum ne mai karatu, mai rubutu. A 1923 ya fitar da littafi a kan Musulunci da masu bin addinin gargajiya a Sudan. Abin da ya nuna wa Faransa a ciki shi ne, ta daina barin Musulunci yana yaɗuwa cikin waɗanda ba su karɓe shi ba, ta raba su, ta riƙe kowa daban. Mai wannan ra'ayi ne aka ɗora bisa ƙasar da malamai suka cika tun daga Agadas har Madarumfa.

A 1922 aka mai da Nijar mallaka mai gwamnanta, babban birni kuwa Damagaram. Sarautar garin tana kwance tun 1906, lokacin da Nasara suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin yana shirya musu tawaye. A zamanin Birebiye aka mai da ita, aka naɗa Barma Mustafa. Mutane sun yi murna, kuma da gaskiyarsu. Amma sarautar da aka maido aikinta tara lanho ne da fitar da mutane aikin hanya.

A 1926 kuma sai ya ɗauke babban birnin ɗungum ya kai Yamai. Dalilin da aka faɗa shi ne ruwa, kuma duk mutumin Damagaram ya san wannan ba ƙarya ba ne. Akwai wanda ba a cika faɗa ba. Damagaram tana kallon Kano. Fataucinta, aurenta, karatunta, duk da 'yan'uwanmu na ƙasar Ingilishi suke, kuma Faransa ba ta son zama cikin mutanen da ke iya tsallake iyaka cikin dare in an matsa musu. Yamai ƙaramin gari ne a lokacin, bakin kogi, ba babban sarki, hanyarta tana bi ta Dahome zuwa teku. Ba muna faɗin wannan don mu haɗa Bahaushe da Bazabarme faɗa ba, wannan aikin Nasara ne, ba namu ba. Hasali ma talakawan yamma su suka fi shan wuyar gina sabon birnin, da kawunansu suka ɗauki ƙasa da itace, ba ko anini.

Ya bar Nijar a 1929. A 1930 ya zama babban gwamna a Dakar, yana riƙe da dukan Afirka ta Yamma ta Faransa har 1936. Yana kan wannan kujera yunwar 1931 ta faɗa wa ƙasar Zabarma, fari da fara suka cinye gonaki, mutane suka mutu, garuruwa suka watse, gardi kuwa bai fasa zagayen lanho ba. A 1932 aka tsaga ƙasar Bolta aka rarraba ta kamar naman layya, Dori da Fada N'Gurma suka faɗo cikin Nijar har 1947. Wa aka tambaya? A Dakar kuma shi ya kafa gidan binciken al'adu da tarihin baƙar fata a 1936, wanda daga baya 'ya'yanmu suka amfana da takardunsa. Wannan mun ba shi.

Daga Dakar aka kai shi Indoshin, ƙasar mutanen Biyetnam, har 1939. Da Jamus ta ci Faransa, sai ya bi Marshal Petan. A watan Afrilu na 1942 ya shiga gwamnatin Laval, mai yi wa Hitila biyayya, ya zama ministan ƙasashen mallaka. Bai cika shekara ba ya sauka, a watan Maris na 1943.

Yanzu ku kasa kunne da kyau. Bayan yaƙi Faransa ta gurfanar da shi. A 1947 babbar kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 10, ta tuɓe masa mutuncin ɗan ƙasa, ta ƙwace dukiyarsa. A kan me? A kan waɗannan watanni 11. Shekarun da ya yi a kanmu, tun yana ƙaramin kumandan har ya zama babban gwamna, aikin dole da andijena da lanhon shekarar yunwa, ba su ne suka kai shi gaban alƙali ba, don duk bisa doka ya yi su. Dokar ba ta faɗi ba sai a 1946, bayan da wakilan Afirka suka tsaya a majalisar Paris, har aka soke aikin dole ran 11 ga Afrilu da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Birebiye ya mutu a ƙasarsu a 1964, shekara huɗu bayan an sauke tutar Faransa a Yamai.