KWANA NAWA SUKA RAGE? KALANDAR JIRAN HAIHUWAR MAI CETO

Karatu: Luka 2:25-38

  

Idan watan Nuwamba ya yi nisa, akwai tambaya ɗaya da ake ji a kusan kowane gidan masu bi: "Baba, kwana nawa suka rage?" "Mama, yaushe Kirsimati?" Mu kuwa manya, da mun ji tambayar sai hankalinmu ya tafi wajen tela, da buhun shinkafa, da kuɗin akuya, da kuɗin makaranta da ke jiranmu a Janairu. Wani uba har fushi yake yi, domin aljihu babu nauyi. Amma tambayar nan ƙofa ce yaro ya buɗe mana. Idan amsarmu kullum sabuwar riga ce da takalmi, zai girma yana tsammani abin da Kirsimati take nufi ke nan, kuma shekarar da babu riga zai ga kamar Allah ya manta da gidansu.

A karatunmu mun sadu da tsofaffi biyu a Haikali a Urushalima, Saminu da Hannatu. Ruhu Mai Tsarki ya riga ya sanar da Saminu cewa ba zai mutu ba sai ya ga Almasihu. Hannatu gwauruwa ce, ta tsufa ƙwarai, tana sujada da azumi da addu'a dare da rana. Sa'ad da Yusufu da Maryamu suka kawo jaririn yana da kwana 40, cikin dukan taron nan su biyu ne aka ce sun gane shi. Me ya sa? Domin sun daɗe suna jiransa. Annabi Ishaya ya yi maganar ɗan nan shekara wajen 700 kafin a haife shi, daga Malakai zuwa Yahaya Mai Baftisma kuma an yi shekara wajen 400. Jira yana cikin bangaskiyarmu, kuma koyonsa ake yi.

Shi ya sa ikkilisiya tun dā ta keɓe makonni huɗu kafin Kirsimati domin shiri. Da Latin ana ce da lokacin Adventus, wato zuwa. Yana farawa ran Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, wadda take faɗuwa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. 'Yan'uwanmu Lutheran da Anglikan da Katolika sun saba kiyaye shi a majami'a. Ko ikkilisiyarku ba ta saba ba, ba abin da zai hana ku yin shirin a gida.

Tambayar yara ce ma ta haifi wannan al'ada ta ƙirga kwanaki. A birnin Hambug na ƙasar Jamus, wani bawan Allah mai suna Johann Hinrich Wichern yana riƙon yara matalauta a gidan da ya buɗe a 1833. Da suka dame shi da tambayar yaushe Kirsimati, sai a 1839 ya ɗauki tsohuwar ƙafar amalanke, ya jera mata kyandirori, ƙanana ja domin ranakun mako, manya farare guda 4 domin ranakun Lahadi. Kowace rana a lokacin addu'a a kunna ɗaya. A wasu gidajen masu bi a Jamus kuma, iyaye sukan ja layi 24 da alli a jikin ƙofa, yaro ya share ɗaya kowace rana. Sai a farkon ƙarni na 20 ne wani mai ɗab'i, Gerhard Lang, ya fara buga irin wannan kalanda a birnin Munik domin sayarwa. Ashe abin da alli aka fara shi, ba da kuɗi ba.

To, yaya za mu yi tamu? Mu tara kwalayen ashana 24 da babu kome ciki. Mu nemi babban kwali a wurin mai kanti, mu manna su a jere da ƙaro ko kunun rogo, layi 4, kowane layi 6. Yara su rubuta lamba 1 zuwa 24 a kai, su yi musu ado da zanen tauraro, da tunkiya, da komin dabbobi. In babu kwalayen ashana, a roƙi tela ƙyallaye, a yi ƙananan ƙunshi 24, a rataya su a igiya a cikin ɗaki. In wannan ma ya gagara, gawayi da bango sun isa, ko tsakuwa 24 a ƙoƙo, a riƙa cire ɗaya kowace rana. Kyandir kam mu bar wa Jamusawa, musamman inda ɗakin ciyawa ne, gama iskar hunturu ba ta wasa da wuta. Kada kuma mu karɓe aikin daga hannun yara don layinsu ya karkace. Abin da yaro ya yi da hannunsa ba ya mantawa da shi.

A cikin kowane kwali mu sa 'yar takarda da aka rubuta inda za a karanta. Ga tsarin da za a iya bi, daga 1 ga Disamba.

Kwana 1 zuwa 7, alkawarin Allah ga kakanni: Farawa 3:15, Farawa 12:1-3, Farawa 49:10, Littafin Ƙidaya 24:17, Rut 4:13-17, 2 Sama'ila 7:12-16, Zabura 72.

Kwana 8 zuwa 14, muryar annabawa: Ishaya 7:14, Ishaya 9:2-7, Ishaya 11:1-9, Ishaya 40:1-5, Irmiya 23:5-6, Mika 5:2, Malakai 3:1.

Kwana 15 zuwa 24, cikar alkawari: Luka sura 1 a raba ta kwana 6, daga labarin Zakariya da Alisabatu har zuwa haihuwar Yahaya da yabon mahaifinsa, sa'an nan Matiyu 1:18-25, Yahaya 1:1-14, Galatiyawa 4:4-5, a daren 24 kuma Luka 2:1-20.

A bayan takardar mu rubuta ƙaramin aikin ƙauna ɗaya na ranar. Yau a ɗebo wa tsohuwar da ke kusa da mu ruwa. Gobe a kai wa gwauruwa itace. Jibi a gai da mara lafiya, ko a yi addu'a domin wani yaro da ba shi da iyaye. Wata rana kowa ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa rai a gidan, kuma in takardar nan ta fito, ba yara kaɗai ta shafa ba, har da baba da mama. Kusa da ƙarshe yara su lissafta maƙwabtan da za a kai wa abincin Kirsimati, Kirista da Musulmi, yadda muka saba. Wanda yake da hali ya ƙara gyaɗa ko dabino a kwalin, amma kada alewa ta zama ita ce dalilin taruwa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan tuwon dare. Minti 10 ya isa: yaro ɗaya ya buɗe kwali, a karanta, a yi tambaya ɗaya ko biyu, a yi addu'a. A riƙa juyawa daga babba zuwa auta, har da 'yar riƙo da yaron da yake taya mu aiki, don kada wani ya ga an ware shi. Iyayen da ba su yi karatu ba, kada ku ce wannan ba naku ba ne. Ɗan makaranta ya karanta, ku kuwa ku bayyana, gama kun ji labarin nan a majami'a shekara da shekaru. Malaman makarantar Lahadi da zumuntar mata za su iya taimakon gidajen da ba su da Littafi Mai Tsarki.

Za a sami yaron da zai so buɗe kwalaye duka a rana ɗaya. A nan darasin yake. Mu gaya masa da fara'a cewa na gobe sai gobe, haka mutanen Allah suka jira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi jiran kwalin gobe yana koyon jiran Allah a kan abin da ya fi kwali girma.

Abu na ƙarshe, 'yan'uwa. Kwanakin Kirsimati muna iya ƙirga su, amma akwai wani zuwa da ba shi da kalanda. Ubangiji da kansa ya faɗa a Matiyu 24:36 cewa ranar komowarsa Uba kaɗai ya san ta. Sa'ad da yara suka buɗe kwali na 24, mu tuna musu cewa wanda ya cika alkawarin farko a Baitalami zai cika na biyu. Mu ma mu tambayi kanmu, in ya zo, zai same mu kamar Saminu da Hannatu?

Bari mu yi addu'a. Ya Uba na Sama, mun gode domin Ɗanka da ka aiko a daidai lokacinka. Ka ba mu hikimar amsa tambayoyin 'ya'yanmu. Ka ta'azantar da gidajen da suke cikin rashi a bana, ka biya bukatunsu. Ka koya mana jira da bangaskiya har ranar da za mu ga fuskar Mai Cetonmu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka.