Ciwon Hanta Nau'in C Yana Warkewa

Barkanmu da zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu. Yau bayan lissafin riba, akwai maganar lafiya.

Ciwon hanta nau'in C ta jini ake ɗaukarsa: rezar yankan farce da ake aron juna, askar wanzami, allurar da aka maimaita. Yakan yi shekaru bai nuna alama ba, alhali hanta tana ta lalacewa, sai gwajin jini ke gano shi. Ba shi da allurar rigakafi, amma yana da magani. Ƙwayoyi irin su sofosbuvir da daclatasvir, in likita ya rubuta aka sha kullum na mako 12, suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100.

To, inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Sai a sayi na wata ɗaya, aljihu ya ƙare, a koma jiƙe-jiƙe. Kar mu bari haka ta sami 'yar ƙungiyarmu ko mijinta. Mu ware wani abu daga adashinmu, wadda ta fara magani ta kai ƙarshensa.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zumunci.