Hurumin Kotu a Tsakiyar Teku: Hukunce-hukunce a Kan Fasa-ƙwaurin Miyagun Ƙwayoyi

Tambayar da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin warwarewa ita ce: idan aka kama jirgin ruwa ɗauke da hodar iblis ko tabar wiwi a tsakiyar teku, inda ba ƙasar da ke da iko, wace kotu ce ke da hurumin yi wa mutanen cikinsa shari'a?

Kafin a kai ga hukunce-hukuncen kotuna, ya kamata a fara sanin yadda aka raba teku. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan dokar teku, wadda aka rattaba wa hannu a Jamaika a 1982, ta kuma fara aiki a 1994, ta ba kowace ƙasa mil 12 na teku daga gaɓarta, watau ruwan da dokarta ke aiki a cikinsa. Har zuwa mil 200 kuwa tana da haƙƙin kifi da ma'adinai, amma jiragen wasu ƙasashe na da 'yancin wucewa. A tsakiyar teku ƙa'idar ɗaya ce, wadda ke sashe na 92: jirgi yana ƙarƙashin ikon ƙasar da yake ɗauke da tutarta, ita kaɗai. Sashe na 110 ya yarda jirgin yaƙi ya tsai da jirgin da ake zargi da fashi a teku, ko cinikin bayi, ko wanda ba shi da tutar kowa. Fasa-ƙwaurin ƙwayoyi ba ya cikin wannan jeri. Saboda haka ne yarjejeniyar Biyana ta 1988 ta tanadi, a sashe na 17, cewa mai son binciken jirgi ya fara neman izinin ƙasar da ke da tutar.

Ƙasar da ta fi kowace faɗaɗa huruminta ita ce Amurka. Tun a 1982, a shari'ar Marino-Garcia, wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa jirgin da ba shi da tuta ba shi da mai kare shi, don haka ana iya gurfanar da mutanensa ko da ba a tabbatar cewa Amurka suka nufa da kayan ba. A 1986 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta ba kotunanta hurumi a kan irin waɗannan jirage, da kuma waɗanda ƙasashensu suka amince a kama. Sai dai alƙalan ba su zama baki ɗaya ba. A shari'ar Davis ta 1990, kotun ɗaukaka ƙara ta yankin yamma ta ce idan jirgin na da tutar wata ƙasa, wajibi ne mai gabatar da ƙara ya nuna alaƙa tsakanin laifin da Amurka, domin ba adalci ba ne a hukunta mutum da dokar ƙasar da bai taɓa ba. A 1993, a shari'ar Martinez-Hidalgo, wata kotun mai daraja ɗaya da ita ta ƙi wannan ra'ayi, tana mai cewa laifi ne da ƙasashen duniya suka taru suka yi tir da shi, ba wanda zai ce bai sani ba. Ke nan makomar wanda ake tuhuma tana iya rataya a kan tashar da aka sauke shi.

Duk da haka akwai iyaka. A 2012, a shari'ar Bellaizac-Hurtado, an soke hukuncin da aka yi wa waɗansu mutane da aka samu jirginsu cikin ruwan Panama, ko da yake Panama ɗin ta yarda Amurka ta yi musu shari'a. Dalilin kotun shi ne fasa-ƙwaurin ƙwayoyi bai kai matsayin fashi a teku ba a dokar al'ada ta ƙasa da ƙasa, kuma izinin wata ƙasa ba ya ƙara wa majalisa ikon da tsarin mulki bai ba ta ba.

A Turai kuwa gardamar ta karkata ga haƙƙin wanda aka kama. A watan Yuni na 2002 sojan ruwa na Faransa suka tare wani jirgi mai suna Winner, mai tutar Kambodiya, a teku daura da tsibiran Kef Bade. Kambodiya ta ba da izini a rubuce. Aka tsare ma'aikatan jirgin kwana 13 kafin a iso tashar Brest. A 2010, a shari'ar Medvedyev, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke, da rinjayen alƙalai 10 a kan 7, cewa tsarewar ba ta da tushe a doka, domin takardar Kambodiya a kan jirgi ta yi magana, ba ta fayyace abin da za a yi da mutanen cikinsa ba. Amma da rinjayen 9 a kan 8 ta yarda cewa jinkirin kai su gaban alƙali ba laifi ba ne, tun da nisan teku ne ya jawo shi. Darasin a fili yake: ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar da za a kama mutum da ita sai ta kasance a rubuce kafin a kama shi.

Wannan al'amari bai yi nisa da Afirka ta Yamma ba, domin tekun da aka tare Winner yana kan hanyar da ake bi da hodar iblis daga Kudancin Amurka zuwa Turai. Nijeriya tana cikin yarjejeniyoyin nan biyu, ta kuma kafa hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi a 1989. To, abin da hukunce-hukuncen nan ke koya wa jami'in da aikin zai faɗo a kansa abu uku ne. Na farko, ya tabbatar da tutar jirgin. Na biyu, ya sami izinin mai tutar a rubuce, izinin da ya ambaci jirgi da kaya da mutane. Na uku, ya tabbata dokar ƙasarsa ta ba kotu hurumi, sa'an nan ya gaggauta kai mutanen gaban alƙali. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan yana iya kama tulin ƙwaya a teku, ya zo ya rasa shari'ar a kotu, masu laifi su koma sana'arsu.