Zaɓaɓɓu tun kafin haihuwa: aƙidar zaɓe da ƙaddara a wajen Kirista

 



Batun da aka ɗora mini yau, na san wasu za su ce me ya kai mu. Aƙidar Kirista ce a kan zaɓe da ƙaddara, abin da ake ce wa prédestination a faransanci. In aka tambayi ɗan lakkwal fassararta, "ƙaddara" zai ce, ya ƙara da cewa ai mun san wannan, rukuni na shida ne na imani. To, nan nake so mu ɗan tsaya. Mu in mun ce ƙaddara, komai muke nufi: damina da fari, samu da rashi, ranar mutuwa, cin bak da faɗuwa. Su kuwa malaman Kirista, gardamar da suka yi shekara dubu da ɗari shida suna yi da wannan kalma, a kan abu guda take: wa zai tsira a lahira, kuma wa ya yanke hukuncin, Allah shi kaɗai, ko da hannun mutum a ciki?

Tushen maganar yana cikin wasiƙun Bulus, a Sabon Alkawari. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa, babi na 9, ya kawo labarin tagwayen Annabi Isiyaku, Yakubu da Isuwa: tun suna ciki, ba wanda ya aikata alheri ko sharri, aka fifita ƙarami a kan babba. Ya kuma kwatanta Allah da maginin tukwane, wanda yumɓu ba ya tambayarsa dalili. A farkon wasiƙarsa ga Afisawa ya ce an zaɓi masu bi tun ba a kafa duniya ba. Amma cikin littafin nan dai, a wasiƙa ta farko zuwa ga Timoti, an ce Allah yana son dukan mutane su tsira. Kun ga inda aikin yake. Kowane ɓangare da ayarsa a hannu.

Wanda ya mai da wannan ya zama aƙida tsararriya, ɗan Afirka ne. Agustin, an haife shi a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu, can ya rasu a 430. Abokin gardamarsa Pelajiyus ne, wani mai gudun duniya daga tsibirin Birtaniya da ya zauna a Roma. Pelajiyus ya ga Kiristocin Roma sun yi sakaci, kowa na cewa ai mutum rarrauna ne, sai ya ce a'a: tunda Allah ya umarce ka, to kana iyawa, ba ya umurni da abin da ya fi ƙarfin bawa. Agustin ya ce wannan raina ciwo ne. A ganinsa, saɓon Adamu bai tsaya kan Adamu ba, zuriyarsa duka ta gada, laifin da lalacewar zuciyar. Shi ne zunubin asali, ko zunubin gado. Mutum yana da nufi, amma nufin kansa ya gurgunce, ba ya iya juyowa ga Allah sai in Allah ya juyo da shi. Wannan juyowar kyauta ce, ba lada ba. Kiristoci Hausawa "alheri" suke ce mata.

Ku riƙe wannan da kyau, don in ba a gane shi ba, sauran duka zai yi kama da zalunci tsagwaro. A lissafin Agustin, ba wai mutane suna tsaye ba laifi sai Allah ya raba su gida biyu ba. Duka an riga an same su da laifi. Kamar attajiri ne yana bin mutum goma bashi, ya yafe wa uku, ya karɓa wajen bakwai. Ukun ya yi musu rahama, bakwan bai cuce su ba. Masu suka suka ce: to jariri fa, yaushe ya ci bashin? Agustin bai ja da baya ba. Ya ce jaririn da ya mutu ba a yi masa baftisma ba, ba ya shiga cikin masu tsira, ko da yake azabarsa ita ce mafi sauƙi. Ni a nawa karatun, nan ne ginin ya fi nauyi, kuma Kirista da yawa sun kasa ɗaukarsa.

Nan kuma hanyarmu ta rabu da tasu. Alƙur'ani, a cikin Baƙara, ya gaya mana Adamu ya tuba kuma an karɓi tubarsa. A surori da dama an maimaita cewa ba mai ɗaukar nauyin laifin wani. Hadisi ya ce a kan fiɗira ake haihuwar kowane yaro. Saboda haka tambayar "ta yaya za a fitar da mutum daga laifin da ya gada" ba ta taso mana ba sam. Amma kada mu yi saurin cewa ba abin da ya haɗa mu. Mu ma mun yi imani Allah yana shiryar da wanda ya so, ya ɓatar da wanda ya so, kuma makomar kowa rubutacciya ce. Wanda ya karanta babin aƙida a farkon Risala ta Ibn Abi Zaid ya san haka. Mun yi Ƙadariyya, mun yi Jabariyya, mun yi Mu'utazila, har Imam Ash'ari ya zo da maganar kasbu, cewa Allah ke halittar aiki, bawa ke tsiwirwirarsa. Abin sha'awa, Ƙairawan ta mai Risala da Kartaj, inda taron bishop-bishop ya la'anci ra'ayin Pelajiyus a 418, duka a Tunusiya suke.

Cocin Yamma ta karɓi Agustin, amma ta rage masa kaifi. A taron Oranj, kudancin Faransa, a 529, an yarda alherin Allah ke fara zuwa, an kuma ƙi cewa Allah ya ƙaddara wa wani sharri. A ƙarni na 9 wani malamin zuhudu mai suna Gotshalk ya dawo da maganar da ƙarfinta. Aka yi masa bulala, aka tsare shi har ya mutu.

Sai ƙarni na 16. Luta da Erasmus sun yi musayar littattafai a 1524 da 1525 a kan ko mutum yana da ƴancin nufi. Amma sunan da ya manne wa wannan aƙida shi ne Kalbin, Bafaranshe, an haife shi a 1509, ya zauna Jeneba har rasuwarsa a 1564. Kalbin ya faɗi abin da wasu ke kewayewa: tun azal Allah ya ƙaddara wa wasu rai madawwami, ya ƙaddara wa wasu hallaka, ba don ya hango abin da za su aikata ba, don nufinsa kawai. Shi da kansa ya yarda hukunci ne mai ban tsoro. A 1551 wani likita, Bolsek, ya tashi a bainar jama'a ya ce wannan ya mai da Allah mai haddasa zunubi. Aka kore shi daga garin.

Za ku ce me zai sa mutum ya rungumi irin wannan? Ku dubi masu sauraronsa. Jeneba ta cika da ƴan gudun hijira daga Faransa, mutanen da aka ƙwace wa gidaje, aka ƙona ƴan uwansu saboda addini. Ga irin wanga mutum, jin cewa tsirarsa ba ta hannun sarki, ba ta hannun Paparoma, ba ta ma hannun zuciyarsa mai rawa ba, natsuwa ce. Abin da Allah ya zaɓa ba mai ƙwacewa. Mu an koya mana zama tsakanin tsoro da fata, muna roƙon kyakkyawan ƙarshe, ba mai bugun ƙirji ya ce ya tsira. Mabiyin Kalbin kuwa ana koya masa cewa zaɓaɓɓe ba ya faɗuwa har abada. Sai wata damuwa ta shigo ta taga: ta yaya zan san ina cikinsu?

A Holan abin ya kai ga jini. Arminiyus, malami a jami'ar Laiden, ya ce Allah ya zaɓi waɗanda ya san za su ba da gaskiya, Almasihu ya mutu don kowa, kuma mutum yana iya ƙin alherin da aka miƙa masa. Ya rasu a 1609, almajiransa suka rubuta takardar ƙorafi a 1610. Aka kira babban taro a garin Dort daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619. Taron ya ce zaɓe ba shi da sharaɗi, mutuwar Almasihu zaɓaɓɓu take tsirarwa, kuma wanda aka kira da gaske ba ya ƙi, ba ya ɓata. Aka sauke fastoci wajen 200. Da yake siyasa ta cakuɗe da addini, dattijon ƙasar, Oldenbarnebelt, da ke kare ɓangaren Arminiyus, aka sare masa kai a watan Mayun nan yana da shekara 71. Amma ra'ayin da aka kayar bai mutu ba. Jon Wesli ya ɗauke shi a Ingila a ƙarni na 18, Metodis suka gada, kuma yawancin cocin Fentikos na yau a kansa suke.

Ƴan lise, ga naku. Paskal da Rasin da mushen faransanci ke sa mu haddace sunayensu, cikin wannan rigima suka tashi. A 1640 aka buga littafin bishop Janseniyus a kan Agustin, ƴan gidan zuhudu na Por Ruwayal suka riƙe shi, ƴan Jezuwit suka yi musu ca. Wasiƙun Paskal na 1656 da 1657, Les Provinciales, kariya ce ga mutanen Por Ruwayal. Rasin a hannunsu ya yi karatu, shi ya sa masu sharhi da yawa ke kallon Fedir a matsayin matar da ke ganin daidai amma ba a ba ta ikon binsa ba. A 1709 sarki Luwi na 14 ya sa aka kwashe matan gidan, daga baya aka rushe shi. Yau Cocin Katolika tana koyar da cewa Allah bai ƙaddara wa kowa wuta ba.

Yanzu ga tambayar da na san tana bakinku, don mu ma ita muke yi a fada in an zauna shayi: in an riga an rubuta, aikin me? Hankali zai ce mutanen Kalbin su za su fi kowa naɗe hannu. Tarihi ya nuna akasin haka. Sun kafa makarantu, sun tsananta wa kansu a aiki da tattali, sun cika kasuwannin Amsterdam da Sikotland da gabashin Amurka. Maks Weba, Bajamushe masanin zamantakewa, ya yi rubutu a kai a 1904 da 1905. Ya ce tunda ba mai iya sayen zaɓe da aiki, sai aiki ya zama alama: mutum yana duba rayuwarsa, in ya ga tsari da ƙwazo da gudun almubazzaranci, sai hankalinsa ya kwanta. An soki Weba, an ce ai biranen Italiya na Katolika sun riga su harkar banki, kuma sukar tana da ƙarfi. Amma abu guda ya tsaya: mutanen da suka fi kowa tsanantawa a kan ƙaddara ba su zama malalata ba. Sahabbai sun yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wannan tambaya a wajen wata jana'iza, ko su dogara da abin da aka rubuta su bar aiki. Ya umarce su da su yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa. Saboda haka wanda bai buɗe kaye ba tun Oktoba, ya zo Yuli ya ce haka Allah ya ƙaddara, ba Ash'ari ya bi ba, ba Kalbin ba.

Akwai kuma inda kalmar "zaɓaɓɓu" ta yi ɓarna. Kalbin mutum ɗaiɗai yake nufi, kuma ya ce ba mai sanin jerin sunayen sai Allah. Amma a Afirka ta Kudu wasu malaman cocin fararen fata, magada wannan aƙida, suka ɗauki kansu al'umma zaɓaɓɓiya, suka nemo wa wariyar launin fata hujja a littafi. Sai a 1982 ƙungiyar cocin Kalbin ta duniya, a taronta na Otawa, ta ce wannan ɓata ce, kuma wanda aka zaɓa shugabanta a taron, Alan Busak, fasto ne ɗan ƙasar daga cikin waɗanda ake wa wariyar. Duk jama'ar da ta fara jin ita Allah ya ware, sauran mutane itacen wuta ne, to a yi hattara da ita, ko a coci take ko a masallaci.

Me ya kai mu, na ce da farko. Kirista ba su da yawa a Nijar, amma ba baƙi ba ne. Muna aji ɗaya da su a jami'a, iyayenmu suna zuwa asibitin Galmi, akwai su a Maraɗi da Damagaram da Yamai, da yawansu da Hausa suke addu'a. Mun kuma ga abin da ya faru a Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, kuma samari ne irinmu aka tura gaba. Saurayin da bai san komai a kan maƙwabcinsa ba sai abin da aka faɗa masa a lasifika, zuga shi ba wuya. In zance ya haɗa ka da abokin karatunka Kirista, kada ka fara da "ku kun ce". Tambaye shi wace coci yake. Ɗan Katolika zai ba ka amsa daban da ɗan Fentikos, a cikin ƴan bishara kuma za ka sami mai bin Kalbin da mai bin Arminiyus a benci guda. Wani ma zai kawo maka Karl Bart, malamin Suwis da ya sake fasalin maganar duka a 1942, ya ce zaɓen da ƙin duka a kan Almasihu suka sauka. Wani kuma zai ce maka bai taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kamar yadda da yawanmu ke salla ba su taɓa jin sunan Mu'utazila ba.

Abin da na tanada ke nan. Masu tambaya, bismillah.